Carbi, wutsiyar jaki, sarƙar zuciya ko igiyar ayaba: wane tsiro mai zubo da rassa ya dace da gidanka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sayar da furanni a bakin titi, a Abuja ko Kaduna ko Jos, ya san wannan tsayuwar. Tukwane huɗu ko biyar a rataye, kowacce rassa na zubowa daga bakinta kamar kitson da aka saki, kuɗin da ke aljihu kuwa na guda ɗaya ne. Mai sayarwa ba zai raba maka gardama ba, don a wurinsa duk "ba sa mutuwa". To, suna mutuwa. Ni da hannuna na zubar da tukunya biyu ta wanda ya fi kyau a cikinsu kafin na daina zaɓe da ido, na koma tambayar kaina irin ɗakin da zan kai tsiron.

Waɗannan tsirrai dangin masu ajiye ruwa ne a ganye ko a kara, irin su zabuwa da ƙerana da karan masallaci da muka sani a dajinmu, sai dai su ba sa miƙewa tsaye, zubowa suke yi. Baƙi ne a ƙasarmu, shi ya sa ba su da sunan Hausa da kowa ya sani. Sunayen da zan kira su da su ni na laƙaba musu bisa kamanninsu, zan kuma haɗa da sunan kimiyya na kowanne domin ka nemo hotonsa a waya ka nuna wa mai sayarwa. Huɗu ne aka fi tsayawa a kansu: carbi, igiyar ayaba, wutsiyar jaki da sarƙar zuciya. Na ƙara na biyar, abincin giwa, wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba amma bai kamata a bar shi a baya ba.

Abin da za ka auna kafin ka ciro kuɗi

Fara da haske. Ka je inda kake son rataye tukunyar da hantsi, ka ɗaga hannunka. In inuwar hannun ta fito sarai, akwai haske. In dishi-dishi ce, tsiro ɗaya ne kacal cikin biyar ɗin zai iya lallaɓawa a wurin. Gidajenmu an gina su ne don gudun rana: ƙaramar taga, labule mai kauri, ga ƙarfe ga ragar sauro. Falon da idonka ke gani da haske, a wurin tsiro duhu ne. Tsakar gida kuma ranar azahar ta watan Afrilu tana iya dafa ganye a yini ɗaya. Abin da ake nema yana tsakanin biyun, wato baranda ko taga mai kallon gabas, wadda ke shan ranar safe ta kuma shiga inuwa kafin rana ta take.

Sai zafi, kuma a nan ne shawarwarin da ake karantawa a intanet suka fi yaudarar mu, domin yawanci an rubuta su ne don masu tsoron ƙanƙara. Mu ba sanyi ne matsalarmu ba. Irin waɗannan tsirrai suna rufe 'yan ƙofofin numfashin da ke jikin ganyensu da rana don kada ruwa ya tsere, sai dare ya yi su buɗe su sha iska. Dabarar ta fi aiki in dare ya huce. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, cikin Afrilu da Mayu rana kan kai digiri 40 ko ta haura, daren ma sai a hankali, balle ɗaki mai rufin kwano ranar da aka ɗauke wuta. A irin wannan lokaci tsiron kan tsaya cak, ba ya girma, ba ya shan ruwan da aka ba shi sosai. Kai kuma ka ga zafi, tausayi ya kama ka, ka ƙara masa ruwa. Saiwa ta kwana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ɗumi, ta ruɓe. Haka na kashe carbina na farko. Mutumin Jos, da garinsa ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, bai san wannan wahalar ba kamar yadda Bakano ya san ta.

Na uku, ka san hannunka. Akwai wanda ba ya iya wuce tukunya da buta a hannu bai zuba mata ba, akwai kuma wanda sai ganye ya yanƙwane yake tunawa. Na biyun ya fi sa'a da wannan dangi.

Na huɗu, su wa ke cikin gidan. Yaro mai rarrafe, kyanwa, akuyar da ake sakewa da yamma, mai shara da ke bugun komai da tsintsiya. Biyu daga cikin tsirran nan suna da guba, ɗaya kuma ko kallon banza ka yi masa sai ya zubar da ganye.

Na ƙarshe kuɗi. Farashi yana sauyawa daga gari zuwa gari, kuma da tsawon reshe ake sa shi, saboda haka ba zan faɗi adadi ba, zan dai nuna wanne ne mai araha, wanne ne mai tsada. Ka kuma tuna cewa tsiron da za ka sake saya sau uku ya fi wanda ka saya sau ɗaya da tsada.

Carbi, Curio rowleyanus

Shi ne wanda hotonsa ke kai mutane wurin masu furanni. Ganyensa ƙwallo ne zagayayye, faɗinsa kamar milimita 6, an jera a kan kara siriri kamar zaren carbi. In ka ɗaga ƙwaya ɗaya ka duba a haske za ka ga wani siririn layi mai duhu a jikinta. Taga ce, ta nan haske ke shiga cikin ganyen. Asalinsa busassun yankunan kudancin Afirka. An sa masa sunan Gordon Rowley, wani masanin tsirrai ɗan Ingila, a 1968, kuma har yanzu wasu da tsohon sunansa Senecio rowleyanus suka san shi. Abin mamaki, dangin shuwaka da latas ne. In ya yi fure, ɗan fari ne mai ƙanshin kirfa da kanumfari.

A dajinsu ba ya rataye a ko'ina. Rarrafe yake yi a ƙasa, a inuwar duwatsu da ƙananan itatuwa, duk inda kara ya taɓa ƙasa sai ya kafa saiwa. Wannan ya bayyana halinsa kaf. Saiwarsa gajera ce, ba ta son tukunya mai zurfi. Ba ya son ranar tsaka. Karansa kuma ba shi da kaurin da zai jure ruɓa, in ta fara daga gindi kwana kaɗan ne ka ga igiya ta tsinke ta faɗo da kanta.

Akwai kuskure biyu da kusan kowa ke yi. Na farko, rataye shi can sama da bakin taga, ta yadda rassan da suka zubo ke samun haske amma saman tukunyar na cikin duhu. Sai ya yi sanƙo a ka, ƙasar kuma ta ƙi bushewa. Na biyu, ganin ƙwayoyin sun motse a ɗauka ƙishirwa ce. Tana iya zama ita ce, amma carbin da saiwarsa ta ruɓe ma haka yake motsewa, tunda ba shi da abin shan ruwan. In ƙwaya ta motse ƙasa kuma da danshi, kada ka ƙara ko ɗigo. Yanke rassan da ke da lafiya ka shimfiɗa su a kan sabuwar ƙasa, shi ne kawai ceto.

A kuɗi yana sahun gaba, mai ratsin fari kuwa ya fi tsada ya kuma fi rauni. Ko a hannun gwani, bayan 'yan shekaru yakan tsufa, sai an riƙa sabunta shi da yanka. Sannan yana da guba. Cinsa na jawo amai da zawo, ruwansa na sa wasu ƙaiƙayin fata. Ka dubi ƙwayar nan da idon yaro ɗan shekara biyu, alewa zai gani.

Igiyar ayaba, Curio radicans

Ɗan'uwan carbi ne na jini, daga yanki ɗaya, amma shi ɗan wahala ne. Ganyensa kamar 'yar mitsitsiyar ɗanyar ayaba, karansa ya fi kauri, saiwarsa ta fi ƙarfi. Duk abin da na faɗa kan carbi ya shafe shi, sai dai yana yafe kuskuren da carbi ba ya yafewa: ruwan da ya ɗan yi yawa, rana da ta ɗan wuce ƙima, mako biyu na mantuwa. Yana da saurin girma ƙwarai, har sai ka riƙa datse shi kana rabawa maƙwabta, kuma saurin nan ne ya sa ya fi carbi araha.

Aibinsa biyu. In haske ya yi kaɗan sai ganyen su yi nesa da juna, ya zama kamar igiyar shanya da aka rataya wa 'yan tsummoki. Gubarsa kuma irin ta carbi ce. Akwai wani ɗan'uwansu da aka samu ta hanyar haɗa iri, mai ganye kamar dolfin, wata dabbar teku mai siffar kifi, yana tsalle. Yana da ban sha'awa, amma a ɗaki mara haske ganyen bajewa suke yi siffar ta ɓace, ka biya kuɗin dolfin ka tashi da ganye kawai.

Wutsiyar jaki, Sedum morganianum

Wannan daga Meziko take, jihar Veracruz. Wani masani mai suna Eric Walther ne ya gan ta a wurin masu renon furanni a garin Coatepec, ya bayyana ta ga masana a 1938. Shekaru saba'in ana shuka ta a gidaje a faɗin duniya ba a san inda take fitowa da kanta ba, sai a 2008 aka same ta maƙale a jikin duwatsun wasu kwazazzabai a yankin Tenampa.

Ganyenta masu ƙiba ne, a cunkushe suna hawa kan juna kamar kitson doka, launinsu kore mai ɗaukar shuɗi. Wannan farin garin da ke jikinsu ba ƙura ba ce, kariya ce daga rana. In ka goge da yatsa ba ya dawowa a kan wannan ganyen, saboda haka ko ƙurar hunturu ta hau ta, hura mata iska da baki ya fi shafa. Tsohuwar wutsiya da ta kai santimita 60 ko fiye abin kallo ce, ni a ganina ta fi carbi kwarjini.

Amma fa ba ta son taɓawa. Ka matsar da tukunya, ganye goma a ƙasa. Labule ya kaɗa ta, ganye a ƙasa. In ka sayi doguwa ka ɗauko ta a adaidaita sahu, kafin ka isa gida rabinta na cikin leda, inda ya zube kuma ba ya sake cikewa. Shi ya sa nake ba da shawarar a sayi ƙarama, wadda rassanta ba su wuce tsawon yatsa ba. Ta fi araha nesa ba kusa ba, domin kuɗin doguwar na shekarun da ta ɗauka ne, tunda a hankali take girma. Akwai wani nau'i mai gajeren ganye zagayayye da ake kira Burrito, ya ɗan fi riƙe ganyensa.

Zubar ganyen tana da ranarta. Kowane ganye da ya faɗi, in ka ajiye shi a kan busasshiyar ƙasa a inuwa mai haske, cikin 'yan makonni zai fito da saiwa da ɗan tsiro. Tukunya ɗaya na iya haifar ashirin, in kana da haƙurin jira.

Tana jure fari fiye da carbi, don ganyenta randa ce. Abin da ba ta so shi ne zafi haɗe da danshi, irin na farkon damina, da ruwan sama da ke kwana a tsakanin ganye. A watan Agusta lallai ta kasance ƙarƙashin rufi. Tana da nauyi in ta girma, ƙusa ɗaya a jikin silin ba za ta riƙe ta ba. Ba a san ta da guba ga mutum ko kyanwa ba.

Sarƙar zuciya, Ceropegia woodii

In aka ce in ɗauki ɗaya tak don ɗakin Bahaushe na yau da kullum, wannan zan ɗauka. Asalinta Afirka ta Kudu da Eswatini da Zimbabuwe. John Medley Wood, mai kula da lambun tsirrai na birnin Durban, shi ya same ta tana reto a jikin duwatsu a 1881, sunansa ne ma take ɗauke da shi. Dangi ɗaya suke da tumfafiya, kuma 'yar'uwa ce ta kusa ga karan masallaci, ko da yake ba mai cewa haka in ya gan su tare.

Karanta siriri ne mai launin makuba, ganyen bibbiyu suke fitowa, kowanne siffar zuciya, sama kore da zanen azurfa, ƙasa ja-ja. Tana iya zubowa mita 2, har zuwa 4 in ta samu wuri. Furenta kamar ƙaramar buta yake, kuma tarko ne: ƙananan ƙudaje kan shiga, gashin da ke ciki ya tsare su na ɗan lokaci har su kwashi garin fure, sannan su fita.

Sirrinta yana cikin ƙasa. Tana yin ɗan dankali a gindi inda take ajiye ruwa da abinci, tana kuma fitar da wasu 'yan ƙullutai kamar aya a jikin kara. Na taɓa yin tafiyar wata guda a bazara, na dawo na tarar da rassan sun bushe ƙayau. Na datse su, na ba ta ruwa, bayan makonni sai ga sababbin tofo daga dankalin. Carbi ba zai taɓa yi maka wannan ba. Ƙullutun nan ma iri ne, ka ɗora shi a kan ƙasa yana haɗe da karansa, zai kafa.

Ita ce mafi haƙuri da ƙarancin haske a cikin biyar ɗin, duk da cewa a wuri mai duhu zanen azurfar kan dushe, ganyen su yi nisa da juna. Tana son ruwa fiye da sauran kaɗan, kuma tana faɗa maka: ganyen da ke kusa da gindi in suna da tauri ta ƙoshi, in suna lanƙwasuwa kamar takarda lokaci ya yi. Abin da ke kashe ta shi ne dankalin ya zauna cikin ruwa.

Inda ta gaza, ba ta cika tukunya ta yi tumbatsa. Labule ne shara-shara take yi, mai son abu a cike zai ga kamar an cuce shi. Kuma tana sarƙewa. In fanka ko iskar taga ta kaɗa ta, warware ta sai ka zauna kamar mai warware zaren saƙa. Farashinta matsakaici ne zuwa sama, mai ratsin hoda ta fi tsada sosai. Ba a san ta da guba ba.

Abincin giwa, Portulacaria afra

Na sa shi don masu baranda mai rana. A Gabashin Kef na Afirka ta Kudu itace ne sosai, giwayen gandun dajin Addo suna cinsa, mutane ma suna cin ganyensa mai ɗan tsami. Wanda ake nufi a nan shi ne nau'insa mai kwanciya, mai jan kara da ƙananan ganye masu sheƙi. Yana da wata baiwa: in akwai ruwa yana numfashi da rana kamar sauran itatuwa, in fari ya zo ya koma na dare. Cikin biyar ɗin ba wanda ya kai shi jure zafi da rana, ba kuma wanda ya kai shi sauƙin dasawa, ka karyi reshe ka bar shi kwana biyu bakin ya bushe ka soka a ƙasa. Shi ne mafi araha.

Ba ya zubowa da tsawo kamar sauran, rassansa masu tauri ne, lanƙwasowa suke yi. A ɗaki mai duhu zubar da ganye yake yi. Akuya kuwa in ta gan shi ta ga tuwo. Kada kuma ka kai ganyensa baki sai ka tabbatar shi ne, domin ana rikita shi da Crassula ovata mai manyan ganye da kauri, wanda ke cutar da kyanwa da kare.

| Tsiro | Haske | Jure zafi | Sauƙin reno | Kuɗi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Carbi | Mai yawa, ban da ranar tsaka | Kaɗan | Mai wuya | Mai tsada | Guba, saurin ruɓa |
| Igiyar ayaba | Mai yawa, da ranar safe | Matsakaici | Mai sauƙi | Matsakaici | Guba |
| Wutsiyar jaki | Mai yawa, da ranar safe | Matsakaici, ban da danshi | Matsakaici | Ƙarama da araha, doguwa da tsada | Zubar ganye, nauyi |
| Sarƙar zuciya | Matsakaici ya isa | Mai kyau a inuwa | Mai sauƙi | Matsakaici zuwa sama | Sarƙewa |
| Abincin giwa | Rana sosai | Mafi ƙarfi | Mafi sauƙi | Mai araha | Awaki |

Abin da duk suke buƙata, ko wanne ka ɗauka

Ƙasar da aka sayar maka da tsiron a ciki sau da yawa ita ce ajalinsa. Ko dai baƙar ƙasa ce mai laka, ko kuma irin ta ɓawon kwakwa da ake shigo da tsirrai a cikinta, duk biyun suna riƙe ruwa. Ka sauya ta cikin makon farko. Ni abin da nake haɗawa: kashi biyu yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, ba lallausan rairayi ba, kashi ɗaya dakakken gawayi da burbushin jan bulo ko tsingaro, kashi ɗaya ƙasar lambu da ɗan takin da ya ruɓe sarai. In ka jiƙa ka dunƙula a hannu ka saki, ya kamata ta wargaje. In ta tsaya kamar curin fura, ƙara yashi.

Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, don tana numfashi tana kuma sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Kasko mara zurfi da aka huda gindinsa ya fi komai dacewa da carbi da ayaba. Huda dole ce. Ratayewa kuma ba sai ka sayi wani abin waje ba, ragayar da iyayenmu ke rataye ƙwarya da ita ta isa, in igiyar mai ƙwari ce.

Ban ruwa ba ya bin kalanda. Ka soka tsinken tsire har gindin tukunya ka zaro. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, ka bari. In ya fito a bushe, ka zuba ruwa sosai har ya fita ta ƙasa, sannan ka manta da shi. Da sassafe ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba. A hunturu iska na busar da tukunya da wuri, a damina kuwa takan yi makonni ba ta nemi komai ba.

Babban maƙiyinsu wani farin ƙwaro ne mai kama da ɗigon auduga, da ke ɓuya a hammatar ganye. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a igiyar ragaya, duba da kyau, zaƙin da ƙwaron ke fitarwa suke bi. Auduga a kan tsinke, a tsoma a sifirit na kemis a dangwala masa, ta wadatar in an kama shi da wuri.

Lokacin saye ma yana da tasiri. Oktoba zuwa Nuwamba ya fi, damina ta wuce, ga watanni masu sanyin dare a gaba da tsiron zai kafu kafin bazara. Wanda ya saya a Maris ya jefa baƙo cikin wuta. A wurin saye kuma ka ɗan ja reshe ɗaya a hankali. In ya zaro ba saiwa, yanka ne aka soka kwanan nan, kada ka biya kuɗin kafaffen tsiro.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In falo ne ko ɗakin kwana mai taga ɗaya, ko ofis, ko kuwa wannan ne tsironka na farko, ɗauki sarƙar zuciya. Haka ma amaryar da ke son abin ado a sabon ɗaki ba tare da ta mai da shi aiki ba, da ma'aikacin da ke yawan tafiya.

In akwai ƙananan yara ko kyanwa, cire carbi da ayaba daga lissafi, ko da kana ganin za ka rataye su sama, don ƙwayoyin kan faɗo ƙasa. Sarƙar zuciya ce ko abincin giwa. Wutsiyar jaki ba za ta cutar da yaro ba, yaron ne zai cutar da ita.

In baranda ce mai shan rana a gari mai zafi kamar Sakkwato ko Damagaram, abincin giwa. In kuma fili ne fetal ba inuwa kana son furanni masu launi su zubo daga tukunya, nemi Portulaca grandiflora, 'yar'uwar fasa-ƙaba da ke fitowa a bayan gida. Ba ta zaman ɗaki, amma rana ba ta dame ta ba, kuma kusan kyauta ake samun ta.

In kana son tukunya ta cika da wuri, ko kana tunanin yaɗawa ka sayar, igiyar ayaba. In kana da lungu mai haske da ba mai bi ta wurin, kana kuma da haƙurin shekara biyu ko uku, wutsiyar jaki ƙarama.

Carbi na mutumin Jos ne da Mambila, da wanda ke da ɗaki mai sanyi da babbar taga ta gabas, da wanda ya riga ya riƙe ɗaya daga cikin sauran har shekara ta zagayo bai kashe ba. In kuma zuciyarka ta kafe sai shi, alhali kana Kano, to saye shi a Nuwamba, ka zuba shi a kasko. Da ya kafu, yanki rassa uku ko huɗu ka shimfiɗa a wani kaskon daban, ka ajiye a wani ɗakin. In Afrilu ta zo, sauke su duka daga kusa da rufi zuwa wuri mafi sanyi a gidan, ka rage ruwa, kada ka sa taki, ka jira ruwan farko ya sauka iska ta huce kafin ka mayar da su ragaya.